Hatimin Hukuma da Hatimin Maƙeri: Tarihin Sulallan Zinariya a Amurka

Idan muka ɗora oza guda ta azurfa mai hatimin gwamnati a kan sikeli, muka ɗora wata wadda wani kamfani ya ƙera, nauyinsu ɗaya. Amma a kasuwa ta gwamnati ta fi tsada, kuma ta fi saurin samun mai saye. To, me ake saye da wannan ƙarin kuɗi? Yarda ake saye, kuma tarihin Amurka ya nuna mana cewa ba kullum yardar nan take hannun hukuma ba.

Mu koma shekarar 1831, a garin Rutherfordton na jihar Karolina ta Arewa. A lokacin ana haƙar zinariya a yankin, amma gidan buga kuɗi na gwamnati yana can Filadelfiya, tafiya mai nisa da haɗari. Mahaƙa suna cinikayya da garin zinariya, kowa da irin awonsa, ga ha'inci. Sai wani maƙerin zinariya Bajamushe mai suna Christopher Bechtler ya fara karɓar garin, yana narkawa, yana buga sulalla. Abin da yake rubutawa a jiki kaɗan ne: sunansa, da nauyin sulen, da gwargwadon tsarkin zinariyar. Babu hoton kowa. Jama'a suka auna suka ga bai rage musu ba, suka karɓa hannu biyu. Har ma shi ya fara buga dala ɗaya ta zinariya a 1832, gwamnati kuwa ba ta buga tata ba sai 1849.

Wannan ba zai ba mu mamaki ba, mu da kakanninmu suka riƙa karɓar liyari mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tiriza, wanda har yau shekarar 1780 ake bugawa a jikinsa. Ba sarauniyar suka sani ba, azurfar suka gwada suka amince.

Amma hukuma ba ta son kishiya. Gwamnatin Amurka ta buɗe reshen gidan buga kuɗi a Charlotte, ya fara aiki a 1838, sannan a 1864 majalisa ta haramta wa kowa buga abin da zai yi yawo a matsayin kuɗi. A 1933 Shugaba Roosevelt ya ma umarci jama'a su miƙa zinariyarsu, ba a sake sakar musu mara ba sai ƙarshen 1974.

Da aka buɗe ƙofa, wadda ta ci kasuwar ita ce Krugerrand ta Afirka ta Kudu, wadda aka fara bugawa a 1967: oza guda ta zinariya, an gauraya ta da ɗan jan ƙarfe don kada ta lauye. A nan ne muke ganin raunin hatimin hukuma, domin laifin gwamnati yakan bi sulenta. Saboda mulkin wariyar launin fata, Amurka ta hana shigo da ita a 1985, ta fito da nata sulen mai hoton gaggafa a 1986. An rubuta dala 50 a jikin na zinariya, dala 1 a jikin na azurfa, alhali mahaukaci ne kawai zai kashe su a kan wannan farashi. Rubutun shaida ce kurum cewa kuɗi ne a idon doka, kuma mai jabunsa ya taɓa hukuma.

Kamfanoni irin su Engelhard sun ci gaba da ƙera nasu faya-fayan azurfar, masu araha, doka kuma ba ta hana ba muddin ba su kira su kuɗi ba. Wanda ya tsallake wannan iyaka shi ne Bernard von NotHaus, da ya fito da Liberty Dollar a 1998 yana kwaɗaitar da mutane su yi ciniki da ita. Azurfarsa ta gaske ce, ba a kan ha'incin awo aka kama shi ba. Jami'an tsaro sun kwashe kayansa a 2007, kotu ta same shi da laifi a 2011, a garin Statesville, cikin jihar nan da Bechtler ya kafa maƙerarsa shekaru 180 kafin nan.