Tarihin Sanƙarau a Ƙasarmu

Wanda ya iya karatu a cikinku, don Allah ya karanta wa na kusa da shi, tun da ya ke kuna zaune ne kuna jiran a kira ku wurin malamin asibiti. Yau za mu waiwayi tarihin wata cuta wadda babu wani gida a ƙasar Kebbe da Tambuwal da bai san sunanta ba, watau sanƙarau. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Wanda ya san yadda ta yi da kakanninsa, shi zai san yadda zai tsare 'ya'yansa.

Annoba ta farko da likitoci su ka rubuta labarinta a Nijeriya ta Arewa ta auku ne cikin 1905. Amma wadda ta fi girgiza ƙasar nan ita ce wadda ta fara cikin 1921. A zamanin nan Lardin Sakkwato ya haɗa har da Gwandu da Argungu da Zamfara, mutanensa kuwa ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. An ƙiyasta cewa mutum fiye da 45,000 su ka rasu a lardin. Ku lissafa, wajen mutum ɗaya ke nan cikin kowane talatin. A lokacin babu magani, babu allura. Iyakar abin da a ke iya yi shi ne a ware majinyaci a bukka bayan gari, a hana taro, a jira ruwan sama.

Me ya sa a ke jiran ruwa? Don tun zamanin nan an lura da halin cutar. Ta kan ɗago kai da hunturu, ta yi ƙarfi da bazara, wajen watan Maris da Afrilu, sa'an nan in damina ta sauka sai ta lafa. Wannan ya sa mutane da yawa su ka ɗauka zafin rana ne ke kawo ta. Ba haka ba ne. Abin da ke kawo ta wata ƙwayar cuta ce, ƙanƙanuwa ƙwarai, wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Tana zama a maƙogwaro da cikin hanci. Mutum ya kan ɗauke ta yana yawo lafiya lau, bai sani ba, ya yi tari ko atishawa ya ba wani. Ƙurar hunturu da busasshiyar iska su kan busar da cikin hanci su raunana shi, sai ƙwayar ta sami hanya ta shiga jini, ta kai ga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In kuma mutum goma su ka kwana ɗaki ɗaya, ƙofa da taga a rufe, numfashin wannan shi ne na wancan.

Cikin 1938 aka fito da wata ƙwayar magani a Ingila, wadda tsofaffi su ka sani da suna M & B. Da annoba ta sake dawowa cikin 1949 da 1950, ta kama mutum wajen 93,000 a lardunan Arewa, fiye da 14,000 su ka rasu. Asara ce babba, amma a karon nan mafi yawan waɗanda su ka kamu sun tashi. A wannan zamani ne aikin En'e ya nuna amfaninsa. Mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya aika wa hakimi, hakimi ya sanar da malamin asibiti, a ɗauko magani bisa doki ko keke a kai ƙauye. Inda labari ya yi sauri, rai ya tsira. Inda aka ɓoye, aka yi ta jana'iza.

Cikin 1963 wani likita Bafaranshe mai suna Lapeyssonnie ya bayyana cewa cutar tana da yankinta a Afirka, watau ƙasashen da ke kudu da Hamada inda rani ke da tsawo. Yau an san yankin ya miƙe tun daga Senegal har Habasha, mu kuwa muna tsakiyarsa.

Da yawanku kun ga 1996 da idonku. A shekarar nan mutum fiye da 100,000 su ka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 su ka rasu. Ni da ke muku bayani ina yaro a lokacin, ban kuwa manta da yadda aka shimfiɗa majinyata a gindin itatuwa ba, don ɗakuna sun cika. Wannan masifa ce ta sa aka dage har aka samo sabuwar allurar rigakafi, aka fara yin ta a Burkina Faso cikin 2010, a Nijeriya kuma cikin 2011. Irin ƙwayar da ta yi ɓarnar 1996, wadda likitoci ke kira A, sai ta kusan ɓacewa.

To, a nan ne wasu su ka saki jiki, su ka ce an gama da sanƙarau. Ashe ƙwayar ba iri ɗaya ba ce. Cikin 2013 wani iri da a ke kira C ya ɓullo a nan Jihar Sakkwato. Cikin 2017 ya kama mutum fiye da 14,000, fiye da 1,100 su ka rasu, galibi a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Cikin 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da allurar da ke tsare mutum daga iri biyar gaba ɗaya. Duk da haka, da bazarar 2025 cutar ta sake taɓa Gwandu da Jega da Aliero, ta shigo har ƙasar Tambuwal. Ku mutanen Kebbe da Kuchi, waɗannan maƙwabtanku ne, kasuwa ɗaya ku ke ci, mota ɗaya ku ke shiga. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga abin da tarihin nan ya koya mana. Kakanninmu na 1921 ba su da magani. Mu muna da shi, abin da ke kashe namu yanzu jinkiri ne. Sanƙarau ta kan kashe cikin kwana ɗaya ko biyu. In ba a yi magani ba, wajen rabin waɗanda su ka kamu ba su tashi. Na taɓa karɓar wani yaro da aka kawo ran kwana na uku, bayan an yi masa turare da tsaga a wuya. Ya rayu, amma har yau ba ya jin kiran uwarsa, don cutar ta tafi da kunnuwansa. Da an kawo shi ran farko, mai yiwuwa da yanzu yana ji kamar kowa.

Saboda haka ku riƙe waɗannan abubuwa:

Na ɗaya, ku san alamunta: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, wuya ya sanƙare har mutum ya kasa kai haɓarsa ƙirji, ƙin haske, ruɗewa ko suma. Ga jariri kuwa, sau da yawa wuya ba ya sanƙarewa. Ku duba maɗigarsa ko ta kumbura, ko ya ƙi nono, ko yana kukan da ba ya lallasuwa.

Na biyu, da ganin haka ku ɗauko shi nan da nan, ko da tsakar dare ne. Kada uwa ta jira maigida ya dawo daga kasuwa. Maigida, ka ba da wannan izini tun yau.

Na uku, ku gaya wa mai unguwa, shi kuma ya sanar da mu. Ba abin kunya ba ne, ba laifin kowa ba ne. Mutum biyu ko uku a ƙauye ɗaya cikin mako guda babban labari ne gare mu, da shi a ke neman allura daga sama.

Na huɗu, da rani ku rage cunkoso a ɗakin kwana, ku buɗe tagogi, mai tari ya rufe bakinsa. Malaman tsangaya su lura da makwancin almajirai.

Na biyar, ranar da mai shela ya zaga ya ce masu allura sun zo, ku fito da yara duka, har da waɗanda ke wurin kiwo. Allurar da aka yi wa yaro shekarun baya ba lalle ta tsare shi daga kowane iri ba. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kai mu damina lafiya. Sai mun sake saduwa.