Kaka da Jika a Fina-finan Sifaniya

Daga 1939, da yaƙin basasar Sifaniya ya ƙare, har rasuwar Janar Franco a 1975, babu fim ɗin da ke fita a ƙasar sai ya bi ta hannun hukumar tace fina-finai. Gwamnati na son a nuna iyali yadda take so: maigida mai faɗa a ji, uwa mai biyayya, 'ya'ya rututu. Har kyauta ake bai wa masu yawan haihuwa. Fim ɗin La gran familia na 1962 ya cika mata wannan buri, gida ne mai 'ya'ya 15 da kakansu namiji. Babban tashin hankalin cikinsa shi ne ɓatan yaro Chencho a kasuwar Kirsimeti ta Madrid, kuma an gan shi daga baya.

To, 'yan uwa marubuta, ga inda abin ya shafe mu. Tun da an hana a taɓa gwamnati, sai masu fim suka shige cikin gida. Carlos Saura ya ɗauki Cría cuervos a 1975, watanni kaɗan kafin Franco ya mutu. Uban gidan hafsan soja ne mai neman mata. Uwar ta rasu bayan doguwar jinya da baƙin cikin miji. 'Yarsu Ana, mai shekara 8, ta yi imani ita ta kashe uban da wani gari da ta ɗauka guba ne, alhali hodar toya burodi ce.

Amma a ganina kakar ce zuciyar fim ɗin. Tsohuwa ce a keken guragu, bakinta ya mutu, kullum tana fuskantar bango cike da tsofaffin hotuna. Ita ta ga zamanin yaƙin, ita ce kuma ba ta iya faɗar komai. Ana ce ke zama da ita, tana nuna hoto ɗaya bayan ɗaya tana ƙoƙarin gane wanda tsohuwar ke nufi. Mai kallon da ya tashi a gidan da ba a ambaton yaƙi bai bukatar a yi masa fassara. Saura ya kuma sa Geraldine Chaplin ta fito a matsayin uwar da kuma Ana bayan ta girma, wato fuska ɗaya a zamani biyu. Fim ɗin ya ci kyautar alƙalai ta musamman a bikin Cannes na 1976.

An soke tace fina-finai a 1977, amma shirun bai tafi nan take ba, domin 'yan siyasa sun amince a bar kaza cikin gashinta. Sai a 2007 aka yi dokar tunawa da waɗanda yaƙin ya ci. A Madres paralelas na Pedro Almodóvar, 2021, Janis tana fafutukar a tono ramin da aka binne mahaifin kakarta da maƙwabtansa, don cika burin kakarta da ta raine ta. A ƙarshen fim ɗin matan ƙauyen sun taka zuwa bakin ramin, riƙe da hotunan mamatansu.