Piyano da Sarewar Gora a Makarantar Achimota

Wanda ya dubi tambarin makarantar Achimota da ke kusa da Akara, babban birnin Ghana, zai ga maɓallan piyano, baƙaƙe da farare. An ɗauko wannan daga koyarwar Dokta James Aggrey, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa makarantar. Shi ne ya riƙa faɗi cewa mutum yana iya kaɗa waƙa da fararen kaɗai, ko da baƙaƙen kaɗai, amma sai an haɗa su sauti yake cika. Sauran biyun su ne Gwamna Gordon Guggisberg da Rabaran Alexander Fraser, shugabanta na fari. An buɗe makarantar a watan Janairu 1927, a zamanin da ake kiran ƙasar Gwalkwas, kuma Aggrey ya rasu a Amurka cikin wannan shekara.

Makarantar gwamnati ce, ba ta mishan ba, ko da yake Fraser tsohon ɗan mishan ne, kuma an ɗauko takenta daga addu'ar Yesu cikin Yohanna sura 17. Yara maza da mata suna karatu tare. Ana koyar da piyano da waƙar ƙungiya irin ta Turai, amma an kuma ware lokacin da ɗalibai za su taru kabila kabila su kaɗa gangunan garuruwansu, su yi rawa. A wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne. A yawancin makarantun mishan ana ɗaukar ganga a kan kayan tsafi, yaron da aka kama a wurin kiɗa kuwa ya san abin da ke jiransa. Abin kiɗan da aka yarda da shi a majami'a shi ne hamoniyam, wato ƙaramin ogan da ake hura wa iska da ƙafa.

Mutumin da ya fi shan wahalar wannan magana shi ne Ephraim Amu. An haife shi a 1899 a Peki, cikin ƙasar Ewe. Mahaifinsa makaɗi ne kuma mawaƙi, wanda ya ajiye ganga sa'ad da ya tuba ya zama Kirista. Ɗan ya tashi cikin ikkilisiya, ya koyi hamoniyam, ya yi makarantar horon malamai da masu bishara a Abetifi, daga baya aka sa shi koyarwa a kwalejin Firesbiteriya ta Akropong. A can ne ya soma rubuta waƙoƙin mutanen ƙasa a takarda, ya tarar ƙa'idodin da aka koya masa ba su isa su kama bugunsu ba. Sai ya koma wurin tsofaffin makaɗa ya zama almajirinsu.

Ya kuma lura da wani abu da duk mai rera waƙoƙin sujada da Hausa zai gane. Harshen Twi da na Ewe, kamar Hausa, suna bambanta ma'ana da hawa da saukar murya. Kukan yaro dabam, itacen kuka dabam, murya ce kawai ta raba su. Idan aka ɗora kalmomi a kan karin da aka tsara domin Jamusanci ko Ingilishi, sai karin ya hau inda kalma take sauka, jama'a su yi ta rerawa ba su jin abin da bakinsu ke faɗi. Amu ya soma tsara nasa waƙoƙi yadda kari zai bi maganar. A 1932 aka buga masa littafi a Landan mai waƙoƙi 25 cikin harshen Twi.

Dattawan ikkilisiya ba su ji daɗi ba. Yana koya wa ɗalibai ganga, ga shi kuma ya hau bagadi ya yi wa'azi yafe da zane irin na mutanen ƙasar, maimakon kwat. Aka kira shi gaban majalisa, aka ce ya bari. Ya ƙi, aka sallame shi. Bai kamata a yi saurin zagin dattawan nan ba. Da yawansu sun fito daga gidajen da ake kaɗa ganga domin kiran iskoki, sun kuma biya tsada kafin su rabu da ita. Kuskurensu shi ne sun kasa raba fatar ganga da abin da ake yi da ita. Amu kuwa bai bar ikkilisiya ba, ya ci gaba da wa'azi da rubuta waƙoƙin yabo har tsufansa.

Fraser ya ɗauke shi aiki a Achimota a 1934. Daga 1937 ya tafi karatun kiɗa a Landan, ya komo ya ci gaba, har a 1949 aka buɗe sashen horar da malaman kiɗa a ƙarƙashinsa, wanda aka mayar Kumasi bayan 'yan shekaru.

Matsalar da ke gaban kowane malamin kiɗa ita ce kayan aiki. Piyano daga ƙetare yake zuwa, da tsada, damina tana ɓata shi, yaro ɗaya ne kuma zai zauna a gabansa a lokaci guda. Idan ya gama makaranta ya koma ƙauye, shi ke nan sun rabu. Amu ya juya ga atenteben, sarewar gora ta mutanen Kwahu, wadda aka saba busawa a wurin makoki. Ya sake auna tsawonta da wuraren huda, rami shida a sama da ɗaya a ƙasa, har ta iya fitar da matakan sauti irin waɗanda ake rubutawa a takarda, ta kuma yi daidai da 'yar'uwarta. Da haka aji guda zai iya busa tare, kashi kashi, kamar ƙungiyar mawaƙa. Gora kuwa tana tsira a bakin rafi. Ya kuma koyi odurugya, doguwar sarewar fadar Sarkin Asante, ya rubuta musu kiɗa dukansu biyu.

Daga hannun malaman da ya horar sarewar ta bazu cikin makarantun Ghana. Philip Gbeho, wanda ya tsara karin taken ƙasar a 1957, shi ma ya koyar da kiɗa a Achimota. Kwabena Nketia, wanda ya shahara a duniya kan nazarin kiɗan Afirka, ya yi karatu a Akropong ɗin da aka kori Amu, kuma Amu ne ya ƙarfafa shi ya bi hanyar waƙoƙin gida.

Amu ya ƙare aikinsa a Jami'ar Ghana da ke Legon, ya koma Peki ya yi noma, ya rasu ranar 2 ga Janairu 1995. A 2002 gwamnati ta sa hotonsa a takardar kuɗi ta sidi 20,000, wadda aka daina amfani da ita bayan canjin kuɗi na 2007. Waƙoƙinsa kuwa ana rera su a majami'un Firesbiteriya na Ghana, da ganga.