Fulin Inji da Al'adar Duban Mota a Sakkwato

Wanda duk ya san titin Sama na birnin Sakkwato a shekarun da suka biyo bayan 1975, lokacin da arzikin man fetur ya yalwata, ƙarin albashin Udoji kuma ya shiga aljihun ma'aikata, zai shaida cewa galibin motocin da ke kai da kawowa a kansa, tun daga na manyan sakatarori har zuwa na malaman da suka ci bashin mota daga gwamnati, Peugeot ne, wadda masana'antar Kakuri ta Kaduna ta soma harhaɗawa a 1975. Birnin ya kasance hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma daga 1967, kana ya zama na Jihar Sakkwato a 1976, saboda haka ma'aikata suka taru, makanikai suka biyo su.

Darajar motar nan daga filin tsere ta samo asali. Samfurin 404 ya ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1963, ya sake ci sau uku a jere daga 1966 zuwa 1968. Ove Andersson ya ci da 504 a 1975, Jean-Pierre Nicolas kuma ya ci a 1978 da 504 mai ƙofa biyu da silinda shida. A nan gida ma an haɗa tseren motoci da bikin kamun kifi na Argungu. Amma abin da mai kallo ba ya lura da shi, shi ne motar tsere a kowane zango sai makanikai sun bi ta gaɓa-gaɓa, suna canza abin da bai riga ya lalace ba, don kuwa a wurinsu jiran lalacewa shi ne asarar gasa.

Daga cikin gaɓoɓin nan akwai wadda ba a cika ambatonta ba, wato fulin da ke ɗaure a goshin kiranshaf, wanda idan inji ya juya shi ke jan fambel, fambel ya juya fanka da famfon ruwa da altaneta. Idan ya gaza, ruwan lagireto ya daina zagayawa, batir ya daina caji, a ƙasar da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40 kuwa mintuna kaɗan sun isa inji ya ƙone gaskit. A motocin wancan zamani masu silinda huɗu galibi fulin ƙarfe ne zalla, aibinsa kuma zahiri ne. Ƙurar hunturu takan shiga tsakanin bel da kwarmin fuli ta riƙa cin ƙarfen sannu a hankali, har kwarmin ya buɗe, bel ya nutse ya taɓa ƙasa, gindin kwarmin ya yi sheƙi, motar ta kama ƙara da asuba. Akwai kuma ɗan makullin ƙarfe mai siffar rabin wata da ke hana fuli zamewa a kan sandar kiranshaf. Muddin babbar ƙusar da ke riƙe da shi ta yi sako-sako, makullin zai yi ta dukan gurbinsa har ya rarake shi, daga nan gyara ya tashi daga na fuli ya koma na kiranshaf ɗungurungum.

A kan wannan zahiri aka gina al'adar duban safe. Direban gwamnati, bayan ya idar da sallar asuba, yakan ɗaga bonet ya zaro sandar mai, ya leƙa ruwa, ya danna fambel da babban yatsa ya ga ko lotsawarsa ta wuce kimanin santimita ɗaya, sa'an nan ya tayar da inji ya tsura wa fuli ido, ko yana juyawa daidai ko yana rawa. Yaron makanike ma da wannan yake fara karatu, shekarunsa na farko wankin kaya da miƙa sifana, maigida yana nuna masa da yatsa, har idonsa ya iya rarrabe lafiyayyen ƙarfe da mai illa. Ilmi ne na gani da ji, ba a rubuta shi a littafi ba, ya kuwa wadatar matuƙar motar ba ta ɓoye kome.

Shekarar 1986 ta sauya al'amarin. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai kasuwa ta koma ga tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a Kwatano, a ratsa da su Nijar, su shigo ta Birnin Ƙonni da Illela. Da yawansu fulinsu zobe biyu ne na ƙarfe da roba a tsakani, hikimar robar kuwa ita ce ta shanye murɗawar da fashewar kowace silinda ke yi wa kiranshaf, don kada girgiza ta tara masa gajiya har ya tsage. To, robar da ta riga ta yi shekaru a sanyin Beljiyam, ta zo ta gamu da zafin Sakkwato da man da ke tsiyaya daga sil ɗin gaba, takan bushe ta tsattsage a ɓoye, zoben waje ya soma zamewa, alamar tayimin da ke jikinsa ta gusa, makanike ya saita wuta a kan alamar ƙarya yana mamakin rashin ƙarfin mota. Danna bel da yatsa ba ya bayyana wannan.

A nan ne, a ganina, sana'ar ta yi tuntuɓe, domin maganin da ya yaɗu shi ne a kai wa mai walda ya haɗe zobban biyu. Ƙara takan ɗauke, mai mota ya biya kaɗan ya tafi yana godiya, alhali an kashe ainihin abin da aka yi fulin dominsa, an mayar da girgizar kan kiranshaf da beyarin. Ba na ɗora laifin a kan makanike shi kaɗai. Wanda ya zo da kuɗin walda ba ya son jin farashin sabo. Su kansu masu ƙera motoci ba ma'asumai ba ne: Mazda MX-5, ƙaramar motar wasanni da ta fito a 1989, samfurinta na farko yana da gajeren goshin kiranshaf wanda gurbin makullinsa kan rarake idan ba a ɗaure ƙusar da awo ba, har kamfanin ya sake fasalinsa a 1991.

Masu ihtiyaɗi daga cikin makanikai sun ƙaro wa duban safe babi guda. Sukan ja layi da alli ya ratsa zobban biyu, a yi tafiyar kwanaki, in layin ya rabu to roba ta saki. Sukan canza sil da zarar mai ya fara jiƙa wurin, su ɗaure ƙusar da sifana mai awo maimakon dogon bututu da ƙarfin damtse. Ita kuwa 504 an ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, kuma masu riƙe da ita har yau, in fulinsu ya cinye, sukan aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a ciro musu na wata da ta mutu.