Tikal: Kufan da Duwatsunsa Suka Riƙe Sunayen Sarakuna

Duk matafiyin da ya nufi Tikal a arewacin ƙasar Gwatemala, galibi daga garin Flores yake tashi, tafiyar kilomita sittin da 'yan kai cikin dajin Petén. Masu son ganin fitowar rana da asuba suke shiga, da tocila a hannu, birai na ruri a saman bishiyoyi har baƙo ya ɗauka damisa ce. A bakin hanya akwai wani ƙaton rimi, irin rimin nan namu, wanda Mayawa, mutanen da kakanninsu suka gina Tikal, ke ɗauka a matsayin bishiyar da ta haɗa sama da ƙasa. Sai a hau matakalar katako zuwa kan Haikali na Huɗu, mai tsayin kusan mita 70, a zauna a jira hazo ya yaye, kawunan dalolin su fito ɗaya bayan ɗaya daga cikin ganye. A nan ne yawancin baƙi ke ɗaukar labarin da aka fi sayarwa: wai wata al'umma ce mai ban al'ajabi da ta yi gini, ta ɓace dare ɗaya, ba wanda ya san dalili. Wannan labari yana da daɗin ji, amma duwatsun Tikal da kansu sun ƙaryata shi, kuma wanda ya koma gida da shi ya yi asarar tafiyarsa.

Abu na farko, birnin yana da tarihi rubutacce, da sunaye da ranaku. Mutanensa Mutal suke kiransa. Tsohon allon dutsen da aka samu a can mai ɗauke da kwanan wata ya yi daidai da shekarar 292 Miladiyya. Wani allon ya ce a watan Janairun 378 wani mutum mai suna Siyaj K'ak' ya iso daga yamma, kuma a ranar da ya iso sarki Chak Tok Ich'aak ya mutu. Ba sai an yi dogon nazari ba kafin a gane irin wannan mutuwa. Masana sun danganta baƙon da Teotihuacan, babban birnin tsakiyar Meziko, mai nisan sama da kilomita 1,000, kuma daga lokacin kayan yaƙi da adon sarakunan Tikal suka ɗauki salon can. A 562 aka ci Tikal da yaƙi, a hannun ƙawancen birnin Caracol da gidan sarautar Maciji, wanda daga baya ya zauna a Calakmul, Tikal ta yi fiye da ƙarni guda kusan ba ta kafa sabon allo. Sai 695 sarki Jasaw Chan K'awiil ya rama, ya karya Calakmul, ya sa aka sassaƙa nasarar a jikin katakon saman ƙofar Haikali na Ɗaya. Wannan dala mai mita 47, wadda kowa ke ɗaukar hoto a gabanta, kabarinsa ce. A 1962 masu tono na Jami'ar Pennsylvania suka same shi a ƙarƙashinta, kwance cikin tsakiyoyin koren dutse, da ƙasusuwa masu zane a gefensa. Haikali na Huɗu kuwa, inda ake jiran rana, na zamanin ɗansa ne Yik'in Chan K'awiil, wajen 741.

To daga ina maganar asiri ta fito? Daga rashin iya karatu. A watan Yulin 1562 wani limamin Kirista ɗan Sifen, Diego de Landa, ya tara littattafan Mayawa a garin Maní ya cinna musu wuta. Guda huɗu kacal aka sani sun tsira a duniya, uku daga ciki suna Dresden da Madrid da Faris. Da masu karanta rubutun suka ƙare, Turawan da suka zo daga baya suka iya warware lambobi da kalanda kawai, sai suka yanke cewa waɗannan mutane malaman taurari ne masu zaman lafiya, ba ruwansu da mulki. Yuri Knorozov, wani Barashe da a lokacin ko ƙasar Mayawa bai taɓa takawa ba, shi ya nuna a 1952 cewa alamomin suna ɗauke da sautin gaɓoɓin kalma. A 1960 Tatiana Proskouriakoff ta lura cewa ranakun da ke kan allunan birnin Piedras Negras sun yi daidai da tsawon ran ɗan Adam: haihuwa, hawa gado, mutuwa. Daga nan malaman taurari suka koma sarakuna masu aure don ƙawance da kama fursunoni.

Wani zai ce ai rubutun fada kirari ne, sarki ba ya sassaƙa kayensa. Gaskiya ne, kuma hujja tana tare da shi: labarin kayen 562 a kan wani dutse na Caracol aka karanta shi, a gidan abokan gaba. Amma wannan shi ne ma ƙarfin shaidar, tunda birane da yawa sun yi rubutu, ana gwada na wannan da na wancan, sannan a gwada da abin da ƙasa ta ɓoye. A 2018 aka bayyana sakamakon hasken laser da aka harba daga jirgin sama a kan daji mai faɗin murabba'in kilomita 2,100 a Petén, aka ga gine-gine sama da 60,000, har da ganuwa da hanyoyi da gonaki masu magudanar ruwa.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Za a ce, duk da haka birnin ya mutu, mutane sun watse, in ba ɓacewa ba mene ne wannan? Babu musu, allon ƙarshe a Tikal na 869 ne, kuma kafin ƙarni na goma ya ƙare daji ya cinye fadar. Sai dai abin ya ɗauki fiye da shekara ɗari, kuma dalilansa ba na aljanu ba ne. Tikal ba ta da kogi. Ruwan damina take tarawa a tafkunan da aka haƙa aka shafe, da shi ake cin rani. Binciken lakar tafkunan da aka buga a 2020 ya gano zaiba mai yawa a na kusa da fada, daga jan launin da ake shafa wa gine-gine da gawarwakin manya, ga kuma gansakuka mai guba. Fari ya yi ta maimaituwa a ƙarni na tara, an sare daji, yaƙi bai tsaya ba. Sarkin da ke cewa shi ke roƙo ruwa ya sauka, in tafkin ƙofar gidansa ya zama guba, da me zai riƙe talakawa? Sarauta irin ta wancan zamani ce ta rushe. Mutane da yawa sun mutu, saura suka yi ƙaura, kuma a arewa Chichén Itzá ta bunƙasa, Mayapán ta biyo baya.

Garin Flores ɗin da matafiyi ya kwana ma shaida ne. A kan tsibirin nan Nojpetén take, babban birnin Mayawan Itza, wadda Sifaniyawa ba su iya ci ba sai a watan Maris na 1697, shekara 176 bayan faɗuwar birnin Aztek. Ko "gano" Tikal da ake cewa an yi a 1848, Ambrosio Tut, ɗan yankin, shi ya riga jami'in gwamnati Modesto Méndez zuwa wurin, domin mutanen ƙauyukan gefen tafkin ba su taɓa manta da kufan ba. Ba a daɗe ba, a 1877, aka ciro sassaƙaƙƙen katakon Haikali na Huɗu aka kai Basel ta Suwizalan, inda yake har yau. Ƙidayar 2018 ta nuna kusan kashi 42 cikin ɗari na mutanen Gwatemala Mayawa ne, da harsuna 22. A yaƙin basasar 1960 zuwa 1996, wanda ya ci rayuka kusan 200,000, hukumar binciken gaskiya ta ce kashi 83 cikin ɗari na waɗanda aka tantance Mayawa ne, kuma a lokacin Tikal ta riga ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1979, baƙi na zuwa ana ba su labarin al'ummar da ta shuɗe. A tsakiyar babban filin da ke gaban kabarin Jasaw akwai wani zagayayyen murhu na zamani, baƙi ƙirin da toka. Mayawan yau ne ke zuwa su kunna wuta a wurin, su zuba turare da kyandir masu launi, su yi addu'a da harsunan da suka fito daga tushe ɗaya da wanda aka sassaƙa a allunan da ke kewaye da su.