Wa Ke Ba Takarda Ikon Zama Kuɗi?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, ya rubuto yana cewa: "Don Allah ku faɗa mini, me ake nufi da kuɗin da doka ta amince da su? Kuma in an yi canjin kuɗi, bashin da nake bin mutum ya mutu ke nan?"

AMSA: To malam, mun gode da takardarka. Bari mu soma daga baya.

A da can, wuri ne kuɗinmu, kuma ba wani sarki ne ya buga shi ba. Daga tsibiran Maldib, can cikin tekun Indiya, ake kwaso shi. Ƙarfinsa yardar mutane ce kawai: ka karɓa don ka san gobe wani zai karɓa daga hannunka. Lokacin da Baturen nan Barth ya sauka Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da riyal ɗaya. Manyan fatake kuwa da keso suke lissafi, wato wuri 20,000. Ka ga ke nan wanda ya sayar da doki sai ya nemi jakin da zai kwashe masa kuɗin. Da Turawan ciniki suka shiga jibgo wani wurin mai araha daga wajen Zanzibar, sai darajarsa ta yi ta zubewa.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sai suka kawo sule, sisi, taro, kwabo da anini mai huji. A 1912 suka kafa hukumar buga kuɗi ta Afirka ta Yamma. Amma ba da lallashi mutane suka bar wuri ba, haraji ne ya raba su da shi. Da hukuma ta ce da kuɗinta za a biya, dole manomi ya kai gyaɗa kan sikeli ya samo sule.

Nan ne asalin abin da ka tambaya. Kuɗin da doka ta amince da su su ne waɗanda in wanda kake bi bashi ya miƙo maka cif, ba ka da hujjar zuwa gaban alƙali ka ce ya ƙi biya. Yau a Nijeriya Babban Banki, wanda ya fara aiki a 1959, shi kaɗai ke da ikon fitar da su.

Batun bashi kuwa, ba ya mutuwa. Takardar ce ake sauyawa, haƙƙin yana nan. Ran 1 ga Janairu 1973 da naira ta gaji fam, an tsayar da cewa fam ɗaya naira biyu ce, sule kuma kwabo goma. Mai bin fam goma sai ya koma bin naira ashirin, ba ragi ba ƙari.

Wanda ke shiga uku shi ne mai ajiya a tukunya ko ƙarƙashin katifa. A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin kuɗi, ta rufe kan iyakoki, ta ba da wa'adin da bai kai mako biyu cikakku ba. Mutanen ƙauye da ba su da banki kusa, su suka fi ji a jika.

Haka aka sake yi a ƙarshen 2022 da takardun naira 200, 500 da 1,000. Mai saye ya miƙa tsohon kuɗi, mai kaya ya kau da kai, ciniki ya tsaya cik. Sai da jihohin Kaduna, Zamfara da Kogi suka kai ƙara, ran 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin har ƙarshen shekara. A Nuwamban wannan shekarar kuma ta janye wa'adin, tsoho da sabo suka ci gaba da tafiya tare.