Da Wace Hausa Kura Take Magana?

Bari in fara ba ka labarin wata kunya da na sha, sa'an nan mu shiga tarihi.

Bayan an gama girbi muka buɗe ajin karatun manya a nan Ɗan Gulbi. Da na ga mutane sun gaji da ba, bi, bu, sai na zana kura da dila a kan allo, na yi wa kowa kewaye a bakinsa, na rubuta maganarsa a ciki kamar yadda ake yi a littattafan zane. Kura na cewa: "Wallai ban tahi ko'ina ba, ɗiyan akuyag ga su na sunka biyo ni hag gida." Dila kuwa na amsa mata: "To, sai mu tafi wurin sarki a yi shari'a." Aka karanta, aka yi dariya. Har wata mata da ba ta taɓa haɗa layi guda ba, ran nan ta haɗa. Ina cikin jin daɗi sai wani dattijo ya ɗaga hannu, ya ce: "Mushe, ashe kura ɗiyag garinmu ta, dila ko Bakano na?" Na ce: "Baba, wasa ne." Ya ce ya sani, amma me ya sa wawa ne ya gaji bakinmu, mai wayo ya gaji bakin takarda?

Ban sami amsa ba. Abin da ya sa na bi sawun maganar ke nan.

Ka san dai a tatsuniya dabbobi ba su magana da baki ɗaya. Gizo tsamin baki gare shi, "ra" takan koma masa "ya", ya ce yana maimakon rana. Kura murya ce da ita mai kauri, zomo kuwa siririya. Kakarka ba ta taɓa gaya maka wane ne ke magana ba, muryar ce ke gaya maka. To, wahalar ta faro ne ran da aka ce a sa wannan murya a takarda.

Cikin waɗanda suka fara ba da tatsuniyoyin Hausa aka buga akwai wani yaro ɗan ƙasar Damagaram, Dorugu. An kama shi bawa yana ƙarami, daga baya ya sami ƴanci, ya bi Baturen Jamus Barth zuwa Turai a 1855. A Ingila ya zauna da wani malamin mishan mai suna Schön, ya yi ta ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, aka fitar da su cikin Magana Hausa a 1885. A wajenmu kuma, lokacin da Faransa da Ingila ke shata iyaka tsakanin 1906 da 1909, tafintan tawagar Tilho, Landeroin, ya tattara tatsuniyoyi, suka fito a 1909 tare da nahawu. Amma babban rumbu shi ne na Frank Edgar, Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, littafi uku, daga 1911 zuwa 1913. Da yawa cikinsu malaman Sakkwato ne suka rubuta da ajami, shi ya juya su zuwa boko. Don haka Gizo da kura na cikin Edgar sun fi kusa da bakin Gobir da Adar da Katsina. In ka ci karo da "sunka" da "munka" a can, ba kuskuren maɗaba'a ba ne.

Sai alƙalami ya karkata gabas. Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912. Ƙamus na Bargery ya fito a 1934. Shi kam ya yi adalci, ya shigar da kalmomin Sakkwato da Katsina da Gobir, amma ya yi musu alama, wato baƙi ne a gidan. A Zariya kuwa hukumar talifi ƙarƙashin Rupert East ta buga Magana Jari Ce na Abubakar Imam daga 1937, aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Akun nan na Imam, wanda ya zama waziri, da Hausar takarda yake zuba. Ba na ganin laifin Imam, kada ka ji ni ba daidai ba. Ban san littafin da ya kai nasa daɗi ba. Sai dai tun daga nan ido ya saba da cewa mai hankali "ya tafi" yake cewa, mai cewa "yat tahi" ɗan ƙauye ne.

Mu a Nijar hanyarmu daban ta bi. Lakol da Faransanci take, zomon da yaran lakol da yawa suka karanta shi ne Leuk na Senghor da Abdoulaye Sadji, na 1953, ga kuma mujallar zane Kouakou daga 1966. Duk ba Hausa. Hausa ta shigo ta ƙofar yaƙi da jahilci, wanda aka fara a 1963. Taron Bamako na 1966 ya kawo rubutu mai ninka wasali, shi ya sa sunan jaridu irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii yake haka. Aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973. A 1980 aka zauna a Yamai don daidaita rubutunmu da na Najeriya, aka bar ninka wasali, a 1999 kuma aka sake tsayar da ƙa'ida. Saboda haka in tsohuwar takardar yaƙi da jahilci ta faɗo hannunka, kana iya haɗuwa da nauyi biyu: baƙon rubutu, da bakin garin da aka rubuta ta.

Ba mu kaɗai ba ne. Wani abokina malamin Ingilishi ya nuna mini yadda abin ya kasance a Amurka, na kuwa yi mamaki. A 1880 wani ɗan jarida farar fata, Joel Chandler Harris, ya buga tatsuniyoyin da ya ji a bakin baƙar fata na jihar Jojiya, jikokin Afirka da aka yi bauta da su. Gwarzon zomo ne, har akwai labarin mutum-mutumin kwalta da ya maƙale masa, ɗan'uwan labarin Gizo da budurwar danƙo. Harris ya murɗe rubutun kowace kalma don ta yi kama da furucinsu. Daga 1945 zuwa 1972 an yi ta fitar da wannan zomo cikin zanen jarida. Yau ƴan Amurka da kansu sukan yi tuntuɓe a kowane layi, wasu kuma na ganin ba'a ce aka yi wa masu bakin. Har a 1987 wani marubuci baƙar fata, Julius Lester, ya sake ba da labaran da harshe mai sauƙi.

Sai Pogo na Walt Kelly, wanda ya shiga jarida a 1948, ya tsaya a 1975. Dabbobin fadamar Okefenoki ne, da kada da mujiya da kunkuru, suna gardamar siyasa da bakin kudu. Kelly kuwa mutumin arewa ne, rabin bakin shi ya ƙirƙira. Abin da ya burge ni shi ne, a wurinsa mai hankali da wawa duk daga fadama ɗaya suke, duk bakin fadama gare su. In yana son ya nuna mai fankama, sai ya sāke masa siffar baƙaƙe, ya rubuta maganarsa da irin rubutun tsoffin littattafan coci. Abokina ya ce wanda ya karanta da ido kaɗai ba ya gane kome, sai ya ɗaga murya.

Wannan kam mun san shi a aji. In rubutu ya yi maka nauyi, karanta shi da ƙarfi, kunne zai kama abin da ido ya kasa. Ka kuma riƙe ƴan mabuɗai. Inda littafi ya sa "fa" mu "hwa" muke cewa, fari hwari, faɗa hwaɗa. "Ne" da "ce" su ne "na" da "ta". "R" ta ƙarshen kalma takan narke cikin baƙin da ke biye, rigar sarki ta zama rigas sarki. Zauna zamna ce, biyar biyat, ɓera kusu, ƴaƴa ɗiya. Bakano da ya riƙe waɗannan zai karanta mu. Mu ma da su muke karanta shi, sai dai mu an daɗe da tilasta mana.

Maganar ta ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, da kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Za a buƙaci littattafai masu yawa, na yara da na manya, da zane da dabbobi. Ni ina tare da ƙa'ida ɗaya a wasiƙa da takardar asibiti da lissafin ƙungiya, don mutumin Gaya ya karanta na Magariya. Amma cikin kewayen da ke bakin dabba, a bar mai zane ya rubuta abin da kunnensa ya ji, muddin bai ware baki ɗaya ya ba wawa ba.

Da mako ya zagayo na goge allon, na sake zanen. Wannan karo dila ya ce: "Mu tahi wurin sarki shi yi muna shari'a." Dattijon nan ya karanta a hankali, yana bi da yatsa, har ya kai ƙarshe. Sai ya ce saura sarkin, shi da wane baki zai yanke? Muka kai magariba ana gardama, rabin aji na cewa zaki Bagobiri ne, rabi na cewa Bakatsine.